Sawun Tsakar Kango

Mata masu neman itace ne suka tsinci gawar Auta da hantsi, a gindin ƙofar Kango. Yana kife, an fasa masa ƙeya, hularsa can gefe cikin taɓo. A goshin ƙofar kuma, inda ɗan dutsen nan mai sassaƙen doki da mashi ya zauna tun kaka da kakanni, babu komai sai gurbi.

Kafin labari ya kai wa yayansa, rabin gari ya riga ya hallara. Mai Sawu ya iso a guje, ko takalmi bai tsaya sawa ba. Mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a bin sawun dabbobin da suka ɓata da na ɓarayin da suka kora su, gawa kam ya gani ba ɗaya ba, ba biyu ba. Amma wannan ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya goya a bayansa. Ya durƙusa ya juyo shi, ya share masa ƙasar da ke fuska da bakin rigarsa. Bai yi kuka ba. Baƙin cikin da ya tokare masa ƙirji ya fi ƙarfin hawaye.

"Kada wanda ya ƙara taku ɗaya," ya ce, ba tare da ya ɗago ba. "Duk wanda ya shiga tsakar gidan nan ya tattake mini ƙasa, wallahi shi zan riƙe."

Ƙauyen nasu ɗan mitsitsi ne a bakin iyaka, rafi kawai ya raba shi da wata ƙasa. Da ba don abubuwan tarihi uku da ke kewaye da shi ba, ko direban da ya ɓata hanya ba zai taka birki a nan ba. Akwai Kango, tsohon gidan tsaro na dutse da ke bayan gari. Akwai kogo mai zanen mutanen da, can cikin tsaunuka. Akwai kuma karyayyar gadar ayari. A mararraba an kafa allo mai hannuwa uku, kowane hannu da nisan wurin da yake nunawa. Baƙi sukan zo su kalli allon, su nemi jagora, garin ya samu na cefane. Jagororin Kango su uku ne: Baba Jagora, tsohon da ya fara sana'ar, Auta, sai Bakin-Zuma, mijin ƙanwar Mai Sawu, wanda zai iya sa baƙo ya yi ƙwalla a kan tulin duwatsu saboda iya labari.

An yi ruwa kafin asuba, ƙasa ta yi laushi, ta shafe duk wani tsohon sawu. Mai Sawu ya duƙa ya duba. Ga sawun Auta ya shigo ya tsaya. Ga kuma wani, na takalmin taya mai faci a dunduniyar hagu, ya tashi daga ƙofa ya ratsa tsakar gida, ya fita ta inda katanga ta zube, ya gangara rafi. Sawun ya nutse sosai, alamar mai shi yana ɗauke da kaya.

Bakin-Zuma ya leƙo ta kafaɗarsa, sai ya dafe kai. "Yaya, ai na san takalmin nan! Na makiyayin tsallake ne, wanda Auta ya kori awakinsa daga nan kwanan baya. A gabana ya ce sai ya nuna masa!"

Shi ke nan, kamar an watsa fetur a wuta. Samari suka kwashi sanduna suka tsallake rafi. Rana ba ta kai tsaka ba suka dawo da makiyayin a ɗaure, baki duk jini. Da ƙyar mai gari ya ƙwace shi ya kulle a ɗakin ajiyarsa. An buga wa 'yan sanda waya, amma ofishinsu tafiyar wuni ce, ga ruwa ya cinye hanya, suka ce sai gobe. Samari suka ce su ba su san gobe ba, in rana ta faɗi za su ɓalle ƙofar.

*

Mai Sawu ya shiga ɗakin ajiyar da wuƙarsa a ƙugu, kuma ba don ado ya ɗaura ta ba. Makiyayin yana zaune a kan buhu, ƙafafunsa a miƙe, babu takalmi.

"Ina takalminka?"

"An sace. Shekaranjiya na cire a bakin rafi zan wanke ƙafa, na bi wata akuya da ta kutsa gona, na dawo babu su."

"Kai, ka raina mini hankali. An sace takalmin taya? Wane matsiyaci ne zai saci wannan?"

"Ni ma abin da na tambayi kaina ke nan, Malam."

"Ka ce sai ka nuna wa ƙanina."

"Na faɗa. Ya jefi akuyata ya karya mata ƙafa, raina ya ɓaci, na faɗa. Amma ni ko cikin Kangon ban taɓa shiga ba, daga bakin katanga nake tsayawa. Me zan yi da dutse? Awaki ne za su ci?"

Hannun Mai Sawu yana kan ƙotar wuƙa, zuciyarsa tana ce masa ya gama da shi a wuce wurin. Abu ɗaya ya riƙe shi, kuma ba tausayi ba ne, ko kaɗan. In ya yanka wannan alhali ba shi ba ne, wanda ya kashe Auta zai ci abinci ya ƙoshi, ya yi barci har da minshari. Wannan tunanin ne ya fitar da shi daga ɗakin.

*

A rumfar mai shayi ya ji wata magana. Mai babur ɗin garin sun yi cacar baki da Auta jiya a gindin allo, har sai da aka shiga tsakani.

Ya same shi a bayan gidansu yana kankare taɓo daga ƙafar babur. Yaron ya miƙe tsuru-tsuru.

"Me ya haɗa ku da Auta?"

"Yaya, wallahi ba wani abu ba ne. Baƙi ne suka tambaye ni nisan Kango, na ce da nisa, ƙafa ba ta kaiwa, sai an hau babur. Shi kuma ya zo ya nuna musu allo, ya ce ga shi nan a rubuce, kilomita ɗaya da 'yan kai ne, ko tsohuwa za ta taka. Ya kwashe su ya tafi da su a ƙasa. Kullum haka yake mini, yana zubar mini da abinci."

"Sai ka ce me?"

Mai babur ya sunkuyar da kai. "Na ce wata rana sai an kwaso shi daga Kangon."

"To an kwaso shi."

"Na rantse ba ni ba ne! Tun jiya da yamma na kai wasu baƙi kogo, ruwa ya tare mu, a can muka kwana. Yanzun nan na shigo gari na ji labari. Ka tambaye su, suna masauki."

Mai Sawu bai tambayi kowa ba. Ya lakato taɓon da ke jikin babur ya murza a yatsa. Ja ne jawur, irin na hanyar kogo, kuma har ya bushe daga ciki, ya kwana a jiki. Ƙasar Kango baƙa ce. Ya yi tsaki, ya goge hannu a wando, ya ce wa yaron kada ya kuskura ya bar gari.

*

Ya koma Kango shi kaɗai. An ɗauke gawar, mutane sun watse. Ya hau kan zubabbiyar katanga don ya ga tsakar gidan gaba ɗaya, abin da tashin hankali bai bar shi ya yi ba da safe.

Daga sama ne ya lura. Tsakar gidan fili ne fetal, babu dutse, babu ƙaya, babu kududdufi. Daga ƙofa zuwa ɓarakar katanga hanya ce miƙaƙƙiya. Amma sawun takalmin tayan, da ya kai tsakiya, sai ya kauce hagu, ya yi baka kamar mai kewaye wani abu, sannan ya dawo kan hanya. Mutum ya yi kisa, ga dutse a kafaɗa, ga gari na wayewa, me zai sa ya ƙara wa kansa tafiya?

Ya sauko ya bi sawun har inda ya kauce. Ya duba ƙasa, babu komai. Ya ɗauko wani dogon icce ya miƙa hannu ya daki wurin da aka kewaye. Ƙasar ta amsa masa da wata irin ƙara, kamar an buga bayan tulu. Ya sake bugawa a gefe, ya ji tauri. Ya koma tsakiya, ya sake jin ƙarar. Gashin jikinsa ya tashi.

*

Baba Jagora yana kishingiɗe a ƙofar ɗakinsa, sandarsa a gefe. Tun da ƙugu ya kama shi bara, ko bakin mararraba sai an riƙe shi yake kaiwa.

"Baba, mene ne a ƙarƙashin tsakar Kango?"

Tsohon ya yi kamar bai ji ba, ya shiga gyaran tabarma.

"Baba, ƙanina yana kwance an rufe shi da zane. Ba ni da lokacin zagaye-zagaye."

Tsohon ya ja dogon numfashi. "Ma'ajiyar ruwa ce ta mutanen da. Rami ne mai zurfi, ya fi ɗakin nan faɗi. Rufinsa ya ruɓe. Wata shekara ƙafar jakina ta burma a wurin, na leƙa ban ga ƙasansa ba. Na shimfiɗa itatuwa na bi da ƙasa."

"Kuka yi shiru?"

"In hukuma ta ji, rufe wurin za ta yi, ɗana. In an rufe Kango, garin nan me zai ci? Shi ya sa muke bi da baƙi ta jikin bango, muna nuna musu tagogin maharba, ba mai ratsa tsakiya. In dole ta kama mu ratsa, mukan kauce hagu. Ƙafa ta saba, ko ido a rufe sai ta kauce."

"Su wa suka sani?"

"Wanda zai yi jagora kaɗai nake gaya wa, kuma sai ya rantse. Ko matata ta mutu ba ta sani ba. Ni ne, sai Auta, sai..."

Bakin tsohon ya mutu. Suka kalli juna. Mai Sawu ya miƙe ya nufi gida.

*

A gidan mahaifiyarsu ana ta shigowa gaisuwa. Bakin-Zuma ne a bakin ƙofa, shi ke shimfiɗa tabarmi, shi ke karɓar baƙi, ido ya yi ja don kuka. Kai, in ka gan shi sai ka ba shi haƙuri kafin ka ba 'yan gida. Yana hango Mai Sawu ya taso ya riƙe masa hannu biyu.

"Yaya, ka ci wani abu kuwa? Ka bar wahalar da kanka, ai an kama shi. In rana ta faɗi ni zan fara shiga ɗakin nan, wallahi. Auta fa ba suruki ba ne a wurina, ƙanina ne."

Mai Sawu ya kalli hannuwan da suka riƙe shi. Saura ƙiris ya zare wuƙa a nan take, a gaban uwarsa. Ya hango ƙanwarsa a tsakar gida tana zuba wa mata ruwa, fuska duk ta kumbura. Ya haɗiye abin da ya taso masa.

"Ba sai rana ta faɗi ba," ya ce. "Ka gaya wa mai gari a kawo shi Kango yanzu. A kira mai babur, a ɗauko Baba Jagora. Kowa ya zo. A inda aka zubar da jinin za a biya shi."

Bakin-Zuma da kansa ya ruga kai saƙon.

*

Da la'asar gari ya taru a bakin ƙofar Kango, maza a gaba, mata a baya, samari da sandunansu. An zaunar da Baba Jagora a kan dutse. Mai Sawu ya tsaya a cikin fili.

"Ni sawu nake karantawa, ba fuska ba," ya ce. "Ina so in ga tafiyar kowa. Wanda na kira, ya tashi daga ƙofar nan ya nufi ɓarakar can. A kwance wa makiyayi ƙafa."

Makiyayin ya taho yana ɗingishi, ido a kan ɓarakar, ya miƙe sak. Yana gab da tsakiya Mai Sawu ya daka masa tsawa, "Tsaya nan! Koma." Ya koma.

Mai babur ya biyo, shi ma sak, har da sauri don a gama. "Tsaya! Koma."

Samari suka fara gunaguni, wannan wane irin wasa ne. Mai Sawu ya juya.

"Suruki, saura kai."

Bakin-Zuma ya yi 'yar dariya. "Ni kuma, Yaya?"

"Don a ga adalci. Kada a ce na ware 'yan gida."

Ya fito yana gyara riga. Ba wawa ba ne, ya ga inda aka tsayar da biyun farko, don haka bai kauce ba, ya miƙe sak kamar yadda suka yi. Ya kai inda makiyayi ya tsaya. Ya saurara ya ji tsawa. Mai Sawu bai ce uffan ba. Ya ƙara rabin taku, ya tsaya cak.

"Wa ya ce ka tsaya?"

"Ai nan suka tsaya."

"Su ni na tsayar da su. Kai ban tsayar da kai ba. Ci gaba."

Bakin-Zuma ya kalli ƙasar da ke gabansa. Gumi ya karyo masa. 

"Fili ne fa," in ji mai gari. "Me kake tsoro?"

Mai Sawu ya ɗauki wani ƙaton dutse ya cilla tsakiya. Ƙasa ta yi ƙara, ta tsage, wani ɓangare ya rufta, aka daɗe kafin a ji faɗuwarsa a ƙasa. Mata suka yi salati, mutane suka ja da baya.

"Rami ne," ya ce. "Makiyayi bai san da shi ba, mai babur bai san da shi ba, kun gani da idonku, da na ƙyale su da sun faɗa. Amma ku dubi sawun wanda ya kashe Auta. Ga shi nan, ya kauce hagu ya kewaye. Ya saci takalmin wani, amma da ƙafarsa ya taka. Mutum uku suka san ramin nan. Ɗaya yana kwance a ɗakin Inna."

"Baba Jagora ma ya sani!" Bakin-Zuma ya faɗa da ƙarfi.

Tsohon ya ɗaga sandarsa ya nuna shi. "Ni da ake ɗaukowa kamar buhu? Ni na hau ƙofa na ciro dutse na gangara rafi da shi? Allah ya isa tsakanina da kai. Ni na koya maka sana'ar nan."

Mai Sawu ya zare wuƙa ya zagayo bayansa, ya ɗora masa tsininta a tsakanin kafaɗu. "Taka."

"Yaya, don Allah..."

"Kada ka ƙara ce mini Yaya. Taka."

"Ban yi niyya ba! Wani mai sayen kayan tarihi ne ya ce in kawo masa dutsen. Na ɗauki takalmin ne kawai don a ce 'yan tsallake ne suka sace. Ina cikin cirowa sai ga Auta, ya zo duba ko ruwa ya yi ɓarna. Na roƙe shi, na ce mu raba, ya ce sai ya kai ni gaban mai gari. Ya juya zai tafi, dutsen yana hannuna... Dutsen yana cikin rafi, ƙarƙashin saiwar bishiya, zan nuna muku!"

"Ya juya maka baya," in ji Mai Sawu a hankali. "Saboda bai taɓa zaton zai ji tsoronka ba. Taka."

Babu wanda ya ce a bari. Mai gari ya kau da kai. Samarin da suka fasa wa makiyayi baki da safe suka ja gefe. Wuƙa ta huda riga, Bakin-Zuma ya yi ƙara ya taka.

Ƙasa ta tafi da shi har ƙirji. Ya rungumi wani ruɓaɓɓen icce, ƙafafunsa suna lilo a cikin duhu, iccen yana ƙara yana lanƙwasa. Mai Sawu ya kwanta rub da ciki ya cafko wuyan hannunsa. Iccen ya karye ya faɗa. Yanzu babu abin da ke riƙe da shi sai yatsun mutumin da ya kashe wa ƙani.

Mai Sawu ya dube shi ido cikin ido. Yana so ya buɗe hannun, Allah ya sani yana so, tun safe abin da yake nema ke nan. Amma ya ga abin zai yi sauri da yawa. Ƙiftawar ido, shi ke nan, ya huta.

"Ramin nan gata ne a wurinka," ya ce masa. "Ba za ka samu ba. Sai ka tsaya a gaban Inna ka maimaita abin da ka faɗa. Sai ka tsufa a ɗaure kana tunawa."

Ya yunƙura ya fizgo shi, ya watsar a ƙasa kamar jiƙaƙƙen tsumma. Da igiyar da aka kwance daga jikin makiyayi aka ɗaure shi. Mai gari ya tuɓe takalminsa ya ba makiyayin, ya sa dattawa biyu su raka shi har tsallaken rafi su ba mutanensa haƙuri.

Mutane suka bi bayan ɗaurarren suna tofa masa yawu. Mai Sawu ya zauna a bakin katanga. Sai ya ji mutum a kansa. Ƙanwarsa ce. Ya sunkuyar da kai, don ya san ya mayar da ita matar mai kisa, 'ya'yanta kuma 'ya'yan mai kisa, a garin da kowa ya san kowa. Ya jira ta zage shi.

"Yaya," ta ce. Muryarta a bushe take, babu kuka a ciki. "Da sassafe ya shigo ya ba ni rigarsa, ya ce haɓo ya yi, in wanke kafin ya bushe. Na wanke. Da hannuna na wanke, har ina yi masa sannu."

Ta ɗaga tafukanta tana kallo, sannan ta kalli ramin.

"Me ya sa ka jawo shi?"

Mai Sawu ya ɗago kai ya dube ta.

"Da ka sake shi," ta ce. Ta juya ta nufi gida, don har yanzu ba a gaya wa Inna wanda ya kashe mata ɗa ba.